Yadda Ake Fara Rubuta Littafin Lafiya da Motsa Jiki

A farkon watan Agustan 2014, 'yan makonni bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani gajeren saƙo ya game wayoyin 'yan Nijeriya cikin dare ɗaya, wai duk wanda ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha, cutar ba za ta kama shi ba. Kafin gari ya waye gidaje da dama sun tashi suna dama gishiri. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu sanadiyyar shan wannan ruwa. Idan saƙon da ba a san mai shi ba ya iya yin haka, littafi ya fi shi ƙarfi, domin jama'a kan ɗauki abin da aka ɗab'a a matsayin abin da aka riga aka tantance.

A nan littafin lafiya ya sha bamban da sauran rubuce-rubuce. Mai karanta ƙagaggen labari yakan rufe shi ya ci gaba da harkokinsa. Mai karanta littafin lafiya kuwa yakan rage gishiri ko ya ƙara, ya kai yaro asibiti ko ya jira gobe, ya ci gaba da shan maganin hawan jini ko ya watsar. Saboda haka aikin marubuci yana farawa tun kafin ya rubuta kalmar farko.

Ire-iren littattafan da asalinsu

Ana iya kasa waɗannan littattafai gida huɗu. Akwai na jagora ga gida, masu bayani kan cututtukan yau da kullum da lokacin da ya wajaba a je asibiti. Akwai masu magana kan cuta guda, kamar ciwon suga ko sikila. Akwai na abinci da motsa jiki, waɗanda ke tsara wa mai karatu abin da zai yi mako bayan mako. Sai kuma na bincike, masu bin diddigin dalilin da ya sa asibitin ƙauye ba shi da ungozoma ko magani. Kowane kashi da irin hujjar da yake bukata, kuma wanda ya yi ƙoƙarin haɗa su duka a littafi ɗaya yakan ƙare bai gamsar da kowa ba.

Rubutu kan lafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce da Larabci kan ilimin magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafan Hausa kan tsafta da kiwon lafiya da noma domin manyan da suka koyi karatu. Abin da ya canja a yau shi ne yawan masu fafatawa da marubuci: mai tallar magani da lasifika a kasuwa, shirin rediyon da aka saya, da bidiyon TikTok.

Mai karatu da tambayarsa

Matakin farko shi ne marubuci ya iya faɗin wanda yake rubuta wa, da matsalar da yake son warware masa, cikin jimla ɗaya. "Littafi kan lafiyar al'umma" buri ne kawai. "Littafi ga ma'aikacin ofis ɗan shekara 40 da aka gaya wa jininsa ya fara hawa" ko "littafi ga amaryar da ke ɗauke da cikin fari a garin da babu likita" su ne ke nuna abin da zai shiga da abin da za a bari.

Littafin da ya fi kowane nuna amfanin wannan mataki shi ne Donde No Hay Doctor, wato Inda Babu Likita, na David Werner da abokan aikinsa. Ya samo asali ne daga aikin lafiya a ƙauyukan kan duwatsu na jihar Sinalowa a Meziko, inda manoma ke yin doguwar tafiya kafin su ga asibiti. An buga shi da Sifaniyanci a 1973, da Ingilishi a 1977, daga baya aka fassara shi zuwa harsuna fiye da 80. Sunansa kaɗai ya fayyace mai karatunsa. An cika shi da zane-zane, an rubuta shi da kalmomin da manomi ke amfani da su, kuma yana nuna alamomin da idan an gan su dole a nemi taimakon ƙwararre. Littafin da aka yi domin wasu 'yan ƙauyuka ya zagaya duniya saboda ya san wanda yake yi wa magana.

Hanyar gano tambayar mai karatu ita ce sauraro. Awa biyu a layin awon ciki, hira da mai shagon magani na unguwa, ko sauraren tambayoyin da ake bugowa a shirin lafiya na rediyo, za su ba marubuci jerin babobin da ba zai taɓa ƙirƙirowa a ɗakinsa ba. Tambayar da aka ji sau biyar daga bakin mutane daban-daban ta cancanci babi.

Wa ya cancanci rubutawa

Ba sai likita ba. Nas, masanin abinci, mai horar da 'yan wasa, ɗan jarida, ko wanda ya shekara ashirin yana fama da sikila, kowa na da abin faɗa. Sharaɗin shi ne marubuci ya bayyana matsayinsa a shafin farko, kuma ya tsaya a iyakarsa. Wanda ya rage ƙiba yana iya ba da labarin yadda ya yi, amma labarinsa shaida ce ta mutum ɗaya. Mai horarwa ya san yadda ake ƙarfafa tsoka, amma ba huruminsa ba ne ya ce wa mai ciwon suga ya rage allurar insulin.

Duk wanda ba likita ba yana bukatar ƙwararren da zai karanta rubutun gaba ɗaya kafin a buga, kuma gara a same shi tun ana tsara babobi. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sassan kiwon lafiyar al'umma, inda ake samun masu irin wannan sani. Shi ma likita yana bukatar mai dubawa, sai dai nasa na harshe ne, domin wanda ya yi karatunsa da Ingilishi yakan rubuta Hausar da majinyaci ba ya ganewa.

Hujja da yadda ake auna ta

Kowace magana da ke cikin littafin ya kamata a san inda ta fito. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce marubuci ya buɗe kundi mai gida uku: maganar, madogararta, da shekarar da aka wallafa madogarar. Maganar da gidanta na biyu ya zauna fanko ba ta shiga littafi.

Madogarai ma hawa-hawa ne. Labarin wanda ya ce ya sha kaza ya warke shi ne mafi rauni. Gwaji a kan ɓera ko a cikin kwalba yana nuna abin da ya kamata a bincika ne kawai. Sama da su akwai gwajin da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu magani aka kwatanta su da sauran. A ƙololuwa akwai nazarin da ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje da yawa ya auna su tare, wanda shi ne aikin ƙungiyar Cochrane da aka kafa a 1993. Rumbun PubMed yana ba kowa damar neman taƙaitattun bayanan binciken likitanci kyauta ta intanet. Alƙaluman cikin gida kuwa ana samun su a binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa, NDHS, da rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC.

Ko abin da kowa ya yarda da shi sai an bi asalinsa. Maganar taku 10,000 a rana ta samo tushe ne daga sunan wata na'urar ƙidayar taku da wani kamfani ya fitar a Jafan a 1965. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan tsofaffin mata a Amurka ya gano cewa haɗarin mutuwa ya ragu tun daga kimanin taku 4,400, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a wajen taku 7,500. Haka nan fitowa a babbar mujalla ba ta wanke magana har abada. Maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta rigakafin ƙyanda da galahanga ta fito a mujallar The Lancet a 1998, aka janye ta a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Har yau ana yawo da ita a WhatsApp.

Alƙaluma da rayuwar mai karatu

Akwai ma'aunai da littafin motsa jiki da abinci ba zai rasa su ba. WHO ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yara masu shekara 5 zuwa 17 na bukatar kimanin minti 60 kullum. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu, wato kimanin giram 50 ga matsakaicin baligi. Ana cewa mutum na da hawan jini idan awonsa ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu mabambanta.

Kwafo waɗannan lambobi ba wuya. Gwanintar tana wajen mayar da su abin da mutum zai iya aikatawa. Wannan ne ya ɗaukaka littafin Aerobics na Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka, wanda ya fito a 1968. Ya ba mai karatu gwaji guda, wato nisan da zai iya kaiwa cikin minti 12, sannan ya ba tafiya da gudu da iyo da tuƙa keke maki, domin kowa ya lissafa abin da ya tara a mako. Tasirinsa ya kai ga a Barazil ana kiran sassarfar motsa jiki da sunansa.

Marubucin Hausa na da nasa lissafin. Giram 5 na gishiri bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma a ciki har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kilishi. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100, don haka kwalba ɗaya ta cinye fiye da rabin kason yini. Matsakaicin motsa jiki shi ne wanda mutum zai iya magana yana yi amma ba zai iya rera waƙa ba, kuma WHO na lissafa aikin gida da na gona da tafiya zuwa kasuwa a ciki: daka, jan ruwa, shara, noma. Littafin da ya ce a je gidan motsa jiki sau uku a mako ya manta da matar da ba ta fita sai da dalili, da zafin Afirilu da kan haura digiri 40, da watan azumi. Wanda ya ba da jadawalin abincin da sai a babban kanti ake samu ya bar wake, zogale, rama, kuka, acca da awara a ƙofar gida.

Awo ma sai an yi hattara. Haɗin ruwan gishiri da sukari na mai gudawa shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙananan cokula shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15. Marubucin da ya rubuta "cokali" kawai ya buɗe ƙofar a ninka wa jariri gishiri sau uku. Zane ɗaya na cokalin da ake nufi yana toshe wannan ƙofa.

Kalmomin da ke da fuska biyu

Hausa na da wadatar sunayen cututtuka, sai dai iyakokinsu ba su yi daidai da na asibiti ba. "Shawara" kan nufi rawayar ido kowace iri, ko ta jariri ce, ko ta ciwon hanta, ko ta zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, alhali kowace da nata haɗarin. "Sanyi" ya haɗa mura, ciwon gaɓoɓi da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. "Basir" a bakin mai talla ya haɗiye kusan duk ciwon ciki da na baya. "Daji" yana nufin sankara a bakin likita, amma a ƙauye yana iya zama kumburi ko gyambon da ake ganin ba ya son allura. "Shan inna" kuwa sunan da kansa yana ɗauke da tsohon bayanin cewa aikin iska ne.

Mafita ita ce marubuci ya yi wa kansa ƙaramin ƙamus kafin ya fara babi na ɗaya: kalmar da zai yi amfani da ita, ma'anar da yake nufi, da abin da ba ya nufi. Sai ya bayyana ta a wurin da ta fara fitowa, ya riƙe ta har ƙarshe. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suna taimakawa wajen gano tsohuwar ma'ana, amma hukuncin ƙarshe na bakin majinyata ne. Inda kalma ke jawo ƙyama, gara a zaɓi mai bayani, kamar yadda "cuta mai karya garkuwar jiki" ta fi "ƙanjamau" tausasawa.

Amana da siyasa

Mai rubutu kan lafiya a Arewa yana magana ne da mutanen da ke da dalilin yin shakka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, abin da ya sa cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar cutar. Littafin da ya kira masu shakka jahilai ya rasa su tun a shafin farko. Wanda ya faɗi tarihin yadda yake, sannan ya kawo hujja, shi ake saurara.

Haka kuma bai dace littafi ya ɗora wa mai karatu laifin abin da ba ya hannunsa ba. Binciken NDHS na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma fiye da rabi. A Afirilun 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita. Marubucin kirki yakan raba abin da mutum zai iya yi a gidansa da abin da ya kamata ya nema a wurin hukuma, kamar asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, da inshorar da dokar 2022 ta wajabta.

Tsari da gwajin babin farko

Tsarin da ya fi amfani shi ne kowane babi ya amsa tambaya ɗaya bisa jeri guda: mene ne abin, me ke kawo shi, me za a yi a gida, me ba za a yi ba, da alamomin da ke nufin a tafi asibiti nan take. Wannan kashi na ƙarshe ya kamata ya fito fili a shafi, domin mai neman sa yana cikin gaggawa. Littafin motsa jiki kuma ya fara da waɗanda sai sun ga likita tukuna: mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai sikila, da wanda jininsa ya hau sosai.

Kafin a rubuta babi goma, a rubuta ɗaya a gwada. A karanta wa mutum biyar irin waɗanda ake nufi, a nemi kowa ya maimaita da bakinsa abin da zai yi gobe. Inda uku suka yi kuskure iri ɗaya, laifin na jimlar ne. Karatu da babbar murya yana da muhimmanci na musamman a nan, domin littafin Hausa sau da yawa mutum ɗaya ke karanta wa gida guda.

Doka da ɗab'i

Dokar abinci da magunguna ta Nijeriya ta hana tallata wani abu a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, ciki har da sankara, ciwon suga da hawan jini, kuma hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ce ke sa ido kan tallan magunguna. Marubucin da ke sayar da wani haɗi ko yake karɓar kuɗin wani kamfani ya wajaba ya faɗa. Labarin majinyaci sirri ne a ƙarƙashin dokar lafiya ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023, don haka sai da izininsa a rubuce, tare da sauya duk abin da zai sa a gane shi.

Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, kuma dokar 2022 ta kare shi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Wannan kariya ta shafi hotuna da zane-zanen wasu da ake ɗaukowa daga intanet. Lambar ISBN ana karɓar ta ne a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda doka ta ce mawallafi mai zaman kansa ya ajiye masa kwafi uku. Wajen buga rubutu a tabbatar haruffa masu lanƙwasa sun fito, domin ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne a littafin da ke magana kan jiki.

Abu na ƙarshe shi ne shekara. Ilimin likitanci yana canjawa: maganin kulorokwin da aka daɗe ana sha domin zazzaɓin cizon sauro an sauke shi daga matsayin maganin farko a Nijeriya tun tsakiyar shekarun 2000, bayan ƙwayar cutar ta daina jin sa. Don haka a rubuta shekarar bugu a sarari, a ajiye kundin madogarai, a kuma sa ranar da za a sake duba littafin. Kwafin da aka saki a WhatsApp zai ci gaba da yawo shekaru bayan an gyara na takarda, kuma wanda zai buɗe shi da tsakar dare, da yaro mai zazzaɓi a cinyarsa, ba shi da wata hanyar sanin tsufansa sai wannan shekarar da ke shafin farko.